Baba Mailafiya da Gahawar Ustaz Luqman

Idan aka sallame sallar Asuba a ɗan masallacin da ke gindin tudunmu a Nakkasa, cikin Makka, kowa yakan kama gabansa da sauri. Masu shara su bi motar kamfani, masu tura keken marasa ƙarfi su gangara Harami, leburori su jeru a bakin titi suna jiran mai ɗauka. Baba Mailafiya kaɗai ne ba ya sauri. Yakan hau matakalan nan na siminti da suka karkace, yana dafa bango, yana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ƙofarsa mai shuɗin fenti. Kafin rana ta leƙo kan duwatsu, ƙamshin gahawa ya riga ya sauko lungu. Ba ya yarda da garin da ake sayarwa a leda. Shi yake soya 'ya'yan da kansa a kasko, sama-sama, kada su yi baƙi, sannan ya daka su a ƙaramin turmin tagulla tare da hel, 'yar ƙwayar nan mai ƙamshi da Larabawa ba sa shan gahawa sai da ita. Matarsa Inna Kande takan ce ta daina bukatar agogo tun ranar da ta aure shi, ƙarar turmin ta ishe ta.

Daga nan sai goge-goge. Dalla, wato butar gahawa mai dogon baki, da toka da lemun tsami yake bin ta har mutum ya hango fuskarsa a jikinta. Finjalai kuwa, ƙananan kofunan nan marasa mariƙi, ɗaya-ɗaya yake ɗaga su ga haske, wanda ya ga ya ɗan tsage a baki sai ya ware shi gefe, ya ce leɓen mutum ba abin wasa ba ne. In ya gama ya sa farar jallabiya, ya ɗaura ɗamarar fata a ƙirji, ya shafa turare, ya sauka. In ka gan shi a lokacin, dogo, baƙi wuluk, gemu fari tas, sai ka ɗauka shi ne mai taron, ba mai hidimar taron ba.

Haka muka taso muka gan shi. Sana'arsa ke nan shekara arba'in da ɗoriya. Gahawaji ake ce wa mai ita a nan Makka, mai zuba gahawa a wurin biki da ta'aziyya da taron ofis da saukar manyan baƙi. Ɗan Gwadabawa ne, ya zo sauke farali yana saurayi, zama ya kama shi, har yau kuma Sakkwatancin bai bar bakinsa ba. Bana ya ajiye aikin gaba ɗaya, don rawar da hannunsa na dama ya daɗe yana yi ta ƙaru, gwiwoyi ma sun ce sun gaji. Irinsa ba a yi musu taron ban kwana, ba a rataya hotonsu a bango. Ranar da suka daina zuwa sai a kira wani. Shi ya sa na ga bai kamata mu yi shiru ba, mu da muka san abin da ya yi mana.

Wanda bai taɓa aikin ba zai ce ai zuba gahawa ne kawai. A tsaye ake yin sa daga farko har ƙarshe, dalla a hagu, finjalai a dama, ba jingina, ba tsugunawa. Amma ba tsayuwar ce ke cin mutum ba, abin da kunne ke ji ne. Mu baƙaƙen garin nan mun san kalmomin, ba sai an koya mana ba. Akwai "ya walad," wato kai yaro, da ake kiran dattijo mai jikoki da ita. Akwai "ya Takruni," wato kai baƙin ɗan Afirka, da ake ja da wata irin murya. Akwai kuma wadda ta fi su, mai ma'anar bawa, wadda ƙaramin yaro kan jefo maka daga tagar mota yana dariya. Ba kowa ke faɗa ba, gaskiya ce, akwai mutanen kirki da yawa da muka ci muka sha tare. Amma guda ɗaya in ta same ka da safe sai ta yini a ƙirjinka, wani ma ta shekara.

Abokin aikinsa Dauda, wanda ya daɗe yana riƙe masa tiren dabino, ya ce bai taɓa ganin Baba ya yi faɗa a wurin aiki ba, bai kuma taɓa ganin ya amsa "ya walad" ba. In an kira shi da ita sai ya ci gaba da abin da yake yi kamar da bango ake. In mai kiran ya gaji ya ɗaga murya, sai Baba ya je gabansa a natse, ya miƙa masa finjali, ya faɗi sunansa, ya tambayi nasa. Mailafiya ya yi wa harshensu nauyi, sai suka mayar da shi Ammi Afiya. Ya ce ya karɓa, tunda dai sun sa baffa a gaba.

An taɓa samun wani baƙo a wurin ɗaurin aure da ya ƙi karɓa daga hannunsa, ya nuna masa tebur da haɓa, wai ya ajiye a nan. Dauda ya ce shi haushi kamar ya kashe shi. Baba kuwa ya gaya wa mutumin cikin Larabci mai laushi cewa gahawa daga hannu take zuwa hannu, haka ya tarar ana yi a ƙasar nan, ba shi ya kafa ba. Sannan ya wuce na kusa da shi. Mutumin ya tashi taron bai sha ba. A hanyar komawa gida Dauda ya ga Baba yana ta duban hannunsa, ya juya tafi, ya juya baya, har suka rabu. Ya ji ciwo, kada wani ya ce bai ji ba. Washegari kuma ya tashi ya daka gahawarsa.

Abin da ya sa sunansa ya zauna a bakinmu shi ne zaman Juma'a. Bayan La'asar yakan shimfiɗa darduma a ɗan filin ƙofar gidansa, ya jera matasai, ya fito da kayan da yake kai wa gidajen masu hali, ba na biyun ba, na farkon, masu zanen ruwan zinare a baki. Sai ya kira masu shara da leburori da masu tura keke, mutanen da duk mako a tsaye suke shan shayi a kofin takarda a jikin bango, ido na kan hanya ko mai gida zai fito. Ya ce su zauna. Shi kuma ya ɗaura ɗamararsa ya tsaya a kansu, ya fara daga dama, daidai yadda yake yi wa manya.

Da farko dariya aka yi. Sabo, wani mai tura keke ɗan Maraɗi da bai daɗe da zuwa ba, ya leƙa finjalinsa ya ga 'yar gahawa a gindi, ya tambaya ko rowa ce ta kama Baba da tsufa, ai a garinsu in ana son mutum cika masa kofi ake yi har ya zuba. Baba ya ce a nan in an cika maka, an ce sha ka tashi ke nan, kaɗan ɗin nan kuwa cewa ake yi zauna, ina nan dawowa gare ka. Sabo ya ce to ya ji. Ya shanye ya miƙa, aka ƙara. Ya shanye ya miƙa, aka ƙara. Bai san cewa sai ka ɗan girgiza finjalin ne mai zubawa zai gane ya ishe ka ba, ba wanda kuma ya gaya masa, don kowa na jin daɗin kallo. Sai da gumi ya keto masa ya ce, "Baba, don girman Allah, laifin me na yi maka?" Har yau in Sabo ya shigo lungu yara kan girgiza masa hannu.

Amma ka lura da abin da ke biyo bayan dariyar. Mutum zai zo a takure, ya ɗofana a bakin darduma kamar yanzu za a kore shi. Bayan 'yan watanni sai ka ga ya jingina da matashi, ya miƙe ƙafa, yana ba da labarin garinsu da cikakkiyar murya. A wurin ne kuma ake fitar da abin da aka haɗiye cikin mako, wanda aka zaga, wanda aka tsallake a layi, wanda aka toshe hanci da ya shigo mota. Baba ba ya wa'azi. Yakan saurara har mutum ya kai ƙarshe, ya ƙara masa gahawa, ya ce a sauke kayan nan a kan darduma, kada a kai wa mata da yara gida, su ba su yi laifi ba.

Kai ne, Baba, ka fara nuna wa da yawa daga cikinmu yadda ake ji in an tsaya a kan mutum don girmamawa, ba don a ga ko zai ɗauki wani abu ba. Dogo na Kande, ba ka taɓa ce mana mu mutane ne da baki ba. Finjali mai ruwan zinare ka miƙo mana, ka bar mu muka gane da kanmu.

Mutum ɗaya ne bai taɓa zama a kan dardumar nan ba, shi ne Luqman, ɗan marigayi Garba ɗan dako, aminin Baba. A nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, kakansa ne ya zo a ƙafa tun zamanin da, don haka cikakken ɗan ƙasa ne, Larabci ma ya fi Hausa zama a bakinsa. Tun yana ƙarami shi ke ɗauraye finjalai ranar Juma'a, in babba ya shigo ya miƙe, in ana magana da shi ido a ƙasa. Duk lungu da shi ake misali. Uwa in za ta yi wa ɗanta faɗa sai ta ce ba ka ganin Luqman. Ga shi da kai, lissafi kamar shan ruwa. Ya gama jami'a, aka ɗauke shi koyar da lissafi a wata makarantar 'ya'yan masu hali can ɗaya gefen gari. Ranar da labarin ya iso, sai da mata suka yi guɗa a Nakkasa.

Zango na farko bai ƙare ba mahaifiyarsa Sakinatu ta shigo wurin Inna Kande da hawaye. Yaro ya rame, ba ya cin abinci, da safe sai ya yi amai kafin ya fita. Ya kuma gaya mata in zangon ya ƙare ba zai koma ba. Ba a daɗe ba sai ga shi da kansa wurin Baba, da hantsi ranar Asabar. Ya tsuguna ya gaishe shi, ya ce ya zo roƙo ne a ɗauke shi aikin gahawa.

Baba bai nuna mamaki a fuska ba. Ya miƙa masa tsumma ya ce ya taya shi goge dalla, yana tambayarsa a hankali, har zancen ya fito. Ashe ranar farko da ya je, mai gadi ya dube shi ya ce sabon farrash ne ko, wato mai shara da dafa shayi, to ga kicin can ta baya. Luqman bai ce a'a ba. Ya zagaya, ya shiga kicin, ya dafa shayi ya kai ɗakin malamai. Sai da mudir, shugaban makarantar, ya shigo ya gabatar da shi sannan aka gane. Aka yi dariya, aka ce ma'alesh, a yi haƙuri. To amma washegari ya sake dafawa. Tun daga nan shi ke riga kowa zuwa, ya ɗora ruwa, ya wanke kofuna. Kujerarsa a ɗakin malamai ta zama wurin ajiye jakunkuna. Wani malami ya saba kiransa da ƙyasta yatsa. Wani uba ya taɓa miƙa masa makullin mota ya ce ya matsar masa da ita inuwa, ya karɓa ya matsar. Har farrash na gaskiya, wani bawan Allah ɗan Bangaladash, ya tare shi a lungu ya roƙe shi ya bar masa butarsa, kada a ce ba shi da amfani a sallame shi.

Baba ya tambaye shi ko aji ne ya gagare shi. Ya ce a'a, yara suna ganewa, sakamakonsu ma ya yi kyau, amma wannan sa'a ce kawai. Sai ya faɗi abin da ke cin sa.

"Baba, wallahi duk ranar da na tsaya gaban allo sai in ji kamar rigar wani na sato. Ya'ani kuskure suka yi da suka ɗauke ni, kuma wata rana za su gane. Gara in tafi da ƙafata kafin a kore ni. Shayin nan, shi kaɗai ne in ina yi ba na jin tsoro."

Ya ce tun yana ƙaramin aji, ranar da wasu yara suka riƙe masa hannu suna gogawa da tsumma wai su ga ko baƙin zai fita, malami na kallo bai ce komai ba, ya koyi cewa in ya yi ƙasa da kai ya yi wa mutane hidima, ana barinsa lafiya. Ubansa ma abin da ya yi ta gaya masa ke nan, ba don komai ba sai don yana son sa.

Daga baya Baba ya gaya wa Inna Kande cewa abin da ya fi tsaya masa a rai, yaron nan a gabansa ya girma. Ya zaunar da baƙi daga ko'ina, amma bai taɓa cewa ɗan amininsa ya zauna ba. Duk muna ta yabon ladabi, ashe rabi ladabi ne rabi tsoro, mu kuma ba mu bambance ba, don a idonmu kamarsu ɗaya. Shi Luqman kuwa, cewa kawai Baba ya yi masa aikin gahawa ba a shigarsa da gaggawa, ya bari zango ya ƙare tukuna.

A ƙarshen zango makarantar kan tara iyaye maza da malamai da hantsi, a yi jawabi, a sha gahawa. Baba ya riga ya daina manyan taruka a lokacin saboda hannunsa. Sai ya bincika ya gano wanda aka ba hidimar, ashe mutum ne da ya koyi aiki a wurinsa. Ya ce masa wannan karon shi zai je da kansa. Inna Kande ta ce da wane hannun. Ya ce da wanda Allah ya bar masa. Ya kira Dauda ya riƙe dabino, daga bakin Dauda kuma muka ji yadda aka yi.

Babban ɗaki ne, kujeru masu laushi a jere a gaba na mudir da malamai, iyaye na fuskantarsu. Kujera ɗaya a tsakiyar jerin malamai ba kowa, wani ya ɗora wayarsa a kai. Luqman yana can bakin ƙofa kusa da teburin ruwa, yana gyara kwalaben da ba su bukatar gyara. Da ya hango Baba ya shigo da ɗamara a ƙirji, sai ya daskare.

Baba bai dube shi ba. Ya fara da mudir, ya bi jeri, ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kujerar da ba kowa. A nan ya tsaya. Ya zuba gahawa, ya ɗan buga finjalin a bakin dalla ya yi ƙara, kamar yadda ake yi in ana so baƙo ya waiwayo. Sannan ya ce da Larabci, da muryar da ta kai ƙarshen ɗakin, ga gahawar Ustaz Luqman, laƙabin da ake kiran malamin makaranta da shi a nan.

Gahawaji in ya tsaya, jeri ya tsaya, na gaba ba zai sha ba sai an sallami na baya. Mai waya ya janye wayarsa. Luqman ya taho da sauri kamar zai faɗi, hannu biyu a miƙe, ba wajen finjalin ba, wajen dalla.

"Baba, kawo in zuba. Don Allah kawo."

"Zamna, Malam."

"Kai kana tsaye ni ina zaune? Aibu ne wallahi, Baba, mutane na kallo."

"Su nika so su kalla. Duba hannun ga." Finjalin na rawa a yatsunsa, gahawar na kai-komo tana neman baki. "Tun da nika aikin ga ban taɓa zubda gahawa gaban baƙi ba. Ko ka zamna ka karɓa, ko yau in zubar, a ce Mailafiya ya ƙare. Zaɓi."

Dauda ya ce bai taɓa ganin mutum ya sha wahalar zama irin ta ranar ba. Luqman ya dubi ƙofa, ya dubi hannun tsohon, ya dubi kujerar. Ya zauna a ɗofane, ya karɓa da dama, ya kurɓe, ya miƙa. Baba ya ƙara. Ya shanye ya miƙa, Baba ya ƙara. Shi ba Sabo ba ne, ya san ƙa'ida sarai, finjali nawa aka girgiza a gabansa tun yana yaro. Amma a ce shi ne zai girgiza wa aminin ubansa finjali, ya sallame shi kamar yadda ake sallamar mai hidima, hannunsa ya ƙi. Baba kuwa ya tsaya ƙyam, ba alamar zai matsa, sauran malamai na jira.

Sai malamin da ke kusa da shi, mai ƙyasta yatsan nan, ya ce ya Ustaz, ka girgiza mana finjalin nan mu ma mu samu. Ko da niyya ya kira shi Ustaz, ko ƙishin gahawa ne ya kwance masa harshe, Allah ne masani. Ɗaki dai ya ɗauki dariya, irin wadda ake yi tare da mutum, ba wadda ake yi masa ba. Luqman ya ɗaga kai ya dubi Baba ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi, ya girgiza finjalin. Baba ya ɗan rusuna, irin rusunawar da yake yi wa kowane baƙo, ba ƙari ba ragi, ya ce, "Bil afiya, ya Ustaz," wato a sha lafiya. Ya wuce na gaba.

Da aka zo inda kowane malami zai tashi ya yi bayanin ajinsa, Luqman ya tashi daga kujerarsa. Ya yi bayaninsa har ƙarshe. Uban nan mai mota yana cikin iyayen. Bayan taro ya zo ya bi layi yana jiran ya tambayi yadda ɗansa ke yi. Luqman ya gaya masa gaskiya, yaron na da ƙwaƙwalwa amma wasa ya yi masa yawa. Mutumin ya ce in sha Allahu zai sa ido.

Kada in yi muku ƙarya in ce daga ranar komai ya warke. Luqman ya yi fushi da Baba, ya ɗauki kwanaki bai hau tudun ba. Da ya zo ya ce an kunyata shi a gaban jama'a. Baba ya ce haka ne, ya ba shi haƙuri, bai kuma ce ya yi nadama ba. Luqman ya ce tsoron fa bai tafi ba, har yanzu in ya doshi makarantar sai ya dawo masa. Baba ya ce shi ma, da furfurarsa, in zai shiga babban gida sai ya ji wani abu na ce masa nan ba wurinka ba ne.

"Muryar ga ba taka ba ce, ɗana. Sa maka ita aka yi kana ƙarami, ni ma an sa min. Bar ta ta yi ta magana, kai dai ka shiga."

Sannan ya haɗa shi da wasu samarin unguwa masu irin ciwonsa, ɗaya ma'aikacin jinya, ɗaya a kantin magani, ya ce su riƙa zama suna faɗa wa juna, don shi tsoho ne, ciwon ofis bai san shi ciki da bai ba. Suna nan suna zama har yanzu, an ma ƙaru.

Da hutu ya ƙare Luqman ya koma. Ya mayar wa ɗan Bangaladash butarsa, mutumin har addu'a ya yi masa. Ya kwashe jakunkunan da ke kan kujerarsa ya miƙa wa masu su, kowa da sallama. Shekara ta uku ke nan yana can. Har yanzu akan samu baƙon uba ya tambaye shi ina malamin lissafi yake, sai ya ce ga shi a gabanka, tafaddal, wato bismillah. Sakinatu ta ce yanzu matsalarta ɗaya ce, tukunya ba ta isarsa. Kwanaki na same shi a zaman Juma'a, Dauda na zubawa tunda Baba ya huta, shi kuma ya jingina da matashi yana ƙorafin yaran zamani, wai ba su san komai ba sai waya. Baba ya juya ya ce wa Dauda, "Ka ji shi? Ya samu sauƙi. Malamin gaske ba shi da zance sai ƙarar ɗalibai."

Baba Mailafiya, ba ka hau mumbari ba, ba a taɓa miƙa maka lasifika ba. Kai ne ka ƙare ƙuruciyarka a tsaye, ba ka bari tsayuwar ta shiga zuciyarka ba. Kai ne aka ƙi hannunka, ba ka ɓoye shi a aljihu ba, ka kawo shi gida ka miƙa mana. Sunan da ka tara a sana'a tun kana saurayi, ka ɗora shi a kan finjali ɗaya mai rawa saboda ɗan amininka, ka kuma san zai iya zuba. Mun gode. Allah ya ba hannun nan lafiya, ya ja kwananka cikin imani, ya saka wa Inna Kande da ta jure rigimarka, ya jiƙan Garba.

Ku kuma 'yan uwa, na Nakkasa da na Jarwal da na Jidda da waɗanda ke can gida, ba sai kuna da dalla za ku yi abin da ya yi ba. Ku dubi yaron da kuke yabo da ladabi. In kun ga kullum shi ne a bakin ƙofa, kullum shi ne mai kwashe kwano ko a inda aka gayyace shi a matsayin baƙo, ku ja shi gefe ku tambaye shi a hankali. Ladabi gadonmu ne, ba ma yar da shi, Luqman har gobe tsugunawa yake yi ya gaida Baba. Amma tsoro ba gadonmu ba ne, ɗora mana aka yi. In 'yarku ta dawo daga aiki ta ce kuskure aka yi da aka ba ta matsayi, kada ku tsaya a kan ta gode Allah ta yi shiru. Ku zauna ku ji wanda ya fara gaya mata haka, da shekarunta nawa a lokacin. In kuma akwai tsoho a lungunku mai irin wannan aikin, ku je ku gaya masa kun gani, tun yana iya ji.

Ana ta cewa rusau na matsowa tudunmu, ba mu san inda za a watsa mu ba, ba mu san ko filin ƙofar Baba zai ga baɗi ba. Abin da na sani, yau Asabar nake wannan rubutu, gobe Lahadi makarantu za su buɗe. Can ɗaya gefen gari yara za su zauna a aji suna hayaniya suna jiran malamin lissafi. Zai shigo da sauran tsoronsa, ya ajiye jakarsa a kan tebur, ya jira su yi shiru, ya ce kowa ya fito da aikin gida. Wannan aikinka ne, Baba. Mun gani, mun shaida.